Takalminsa Arba'in da Shida, Nawa Talatin da Shida

Shekarun baya, lokacin ina ɗauke da cikin fari, na tafka wata wauta da har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni. Abin da ya tono ta shi ne saƙon da wata baiwar Allah ta turo mini jiya. Wai mijinta ƙato ne, ita kuma 'yar mitsitsiya, ga ciki wata huɗu, shin gaskiya ne jaririn zai fi ƙarfinta? Na fara rubuta mata amsa sai na ga abin yana ta tsawo. Bari kawai in ba ku labarin gaba ɗaya.

Da farko ku san mai maganar. Ni gajeruwa ce. Ba irin gajartar da ake cewa "ai ba laifi" ba, a'a, irin wadda in na shiga aji sai na taka benci kafin in rubuta kwanan wata a saman allo. Takalmina lamba talatin da shida. Maigidana kuwa, Allah ya yi halitta a wurin. In zai shiga ɗaki sai ya sunkuya, in ya hau keke napep sai mai keken ya waiwayo ya dubi tayar baya. Takalminsa arba'in da shida, ba a samunsa a kasuwa sai dai a ɗinka masa. Ranar bikinmu mai hoto ya yi ta fama da mu, daga ƙarshe ya zaunar da shi a kujera ni ina tsaye, sannan kawunanmu suka zo daidai.

A Zariya na tashi, aure ne ya kawo ni Adamawa. Muna zaune a Demsawo cikin Jimeta, ina koyar da Hausa a wata firamare, shi kuma yana aikin gwamnati. Mutanen gidansu 'yan cikin garin Yola ne, da Fulatanci suka buɗe baki, Hausa sai in an yi baƙo ko an je kasuwa. Ni kuma ga iyayi. Surukata, wadda kowa ke kira Dada, za ta dube ni da ɗankwalina da lallena ta ce, "Amarya, ka zo ka zauna." A bakinta "shi" ya isa kowa, mace da namiji. Sai in ƙunshe dariyata har mu koma gida, in tsaya tsakar ɗaki ina kwaikwayonta. Maigidana yakan ce, "Yi dariyarki, Malama. Ke gaisuwar safe ma kin iya ta da Fulatanci?" Ban iya ba, amma hakan bai hana ni ba.

To, wata Asabar cikin ya shiga wata na biyar, muka je gaishe ta a Yola. Muka tuɓe takalma a bakin ƙofarta muka shiga. Shi ya gaisa ya fita, ya je ƙarƙashin mangwaron tsakar gida ya zauna kan benci kusa da yayarsa, wadda muke kira Adda. Ni na zauna kan tabarma gaban Dada, kaina a ƙasa kamar mutuniyar kirki.

Sai na ga idonta ya tsaya a bakin ƙofa, kan takalman nan biyu. Nasa kamar kwale-kwale, nawa a gefe kamar na 'yar tsana. Ta dube su, ta dube ni, ta girgiza kai ta ce, "Allah hoynu." Wannan kam na san shi, Allah ya sauƙaƙe ke nan. Can kuma ta ɗaga haɓa ta nuna wajen mangwaron.

"Shi ɗin can," in ji ta, "da zan haife shi kwana biyu ina fama. Ƙato ne. Kai kamar tulu. Ungozoma ya ce ba zan tashi ba, har an fara kuka a gidan nan."

Ta turo mini kwanon kunun gyaɗa. "Ka ci abinci sosai, ɓingel am." Wato ɗiyata.

Na leƙa waje. Ban ga kowa ba sai maigidana ya cike benci, gwiwoyinsa sun kusa kai ƙirjinsa. Adda tana nan a gefensa, siririya, tana tsinkar zogale a tire, amma wa zai lura da ita kusa da wannan bawan Allah? Kunun nan na kurɓa sau biyu na ajiye kwanon.

Za ku ce me ya hana ni tambaya. Wa zan tambaya? Cikin fari ne, ko mahaifiyata in ta kira waya sai mu yi ta zagaye-zagaye, "ya jikin?", "da sauƙi", shi ke nan. Balle suruka, in buɗe baki in ce ta sake ba ni labarin naƙudarta? Ai sai ƙasa ta tsage in shige. Ga shi kuma akwai abin da ke cina tun da daɗewa. Wata ƙawata da muka yi kwaleji tare an shiga da ita tiyatar haihuwa, an ce yaron ya yi girma, ba ta fito ba. Tun daga ranar kalmar tiyata da mutuwa suka zama abu ɗaya a kaina. Tsoro na ji, tsoro na gaske.

Sai na zauna na yi dabara irin ta mai ilimi. Na ce uba ƙato, ɗa ƙato, wannan ba yadda zan yi da shi. Amma abincin da zai ƙara masa girma ai ta bakina zai bi. In na rage, dole shi ma ya rage.

Haka na fara. Da safe in ce wa maigidana zan ci a makaranta, a makaranta in ce wa malamai na ci a gida. Da yamma in zuba tuwo, in gutsuri loma uku, in ce zuciyata na tashi. Shi kuma bawan Allah yana ganin laulayi ne, sai ya bi gari yana nemo mini abin marmari. Dada tana aiko da busasshen kifi daga tafkin Njuwa, da gyaɗa, da sabuwar shinkafa. Duk ina karɓa ina godiya. Kajin maƙwabciyata ne suka ci moriyar abin, suka yi ɓul-ɓul, har tana cewa ita ba ta san me suke samu a bayan katangarmu ba.

Ban tsaya nan ba. A layin awo na taɓa jin wasu mata suna cewa jan maganin nan na ƙarin jini shi ke kumbura jarirai. Na tattara nawa na cusa ƙarƙashin katifa. Da ranar awo ta zagayo kuma na ƙi zuwa, don na san sikeli zai tona mini asiri. Mako bakwai ina wannan aiki. Zobena ya fara juyawa a yatsa, ni kuma ina jin daɗi, wai dabara tana ci.

Abin da ya fara ba ni tsoro shi ne motsi. Da can in na zauna sai in ji ana ta shure-shure, har in ce to ga ɗan gidan dogaye ya fara. Sai motsin ya ragu. Ya zama sai na kwanta na yi shiru na daɗe sannan in ji ɗan abu kaɗan. Na ce wa kaina barci yake yi. Kwana biyu ina faɗa wa kaina haka.

Rana ta uku Talata ce, cikin zafin Yola na gab da damina, irin wanda ko fanka ba ta da amfani. Ina aji huɗu. Kuma wallahi ba ƙari na yi don labari ya yi daɗi ba, darasin ranar wakilin suna ne. Na rubuta "shi" a gefe ɗaya na allo, na rubuta "ita" a ɗaya gefen, ina ta faɗa wa yara cewa uwa ba "shi" ba ce. Sai na ga allon yana nisa. Allin ya faɗi daga hannuna. Allah ya taimake ni ban hau benci ba ranar, jingina na yi da bango na sulale ƙasa.

Na farfaɗo a asibitin da nake awo, shugabar makarantarmu tana yi mini fifita da rajista. Wadda ta karɓe ni wata dattijuwar nas ce 'yar wajen Numan, mai tabarau da ɗan gicciye a wuya, kowa Sista yake ce mata. Ba ta da yawan magana. Ta ja fatar idona ƙasa ta duba, ta juya tafin hannuna, ta ɗora ni a sikeli, ta dubi katina, ta sake duban sikelin. Sannan ta kwantar da ni ta ɗauko ƙarfen nan mai kama da mazurari da suke saurare da shi, ta kafa a cikina ta sa kunne.

Ta matsar da shi gefe. Ta sake matsarwa. Ni kuma ina kallon silin ina karanto duk addu'ar da na sani, wasu ma ban kai ƙarshensu ba. A wannan lokacin ne na gane abin da na yi. Na yi ta gudun kada ɗa ya kashe ni, ashe ni ce nake neman kashe shi.

Can ta ɗago ta ce, "Yana nan. Zuciya yana bugawa."

Sai kuma ta cire tabarau ta dube ni. Ita ma Hausarta irin ta Dada ce. "Kai, me ka yi wa kanka? Nauyi bai ƙaru ba, ya ragu ma. Jini babu. Ba abinci a gidanku ne?"

Na fashe da kuka na zayyana mata komai, har da kajin. Daidai nan maigidana ya shigo a guje, ya manta bai sunkuya ba, goshinsa ya daki saman ƙofa. Sista ta dube shi daga sama har ƙasa, ta dube ni, ta ce, "To, yanzu na ga abin da ya tsorata ka."

Ta sa shi ya zauna, ta yi mana bayani a tsanake, kuma har yau ina riƙe da shi. Ta ce gaskiya ne girman iyaye yana taɓa nauyin jariri, ba ƙarya ba ne. Amma a wurin haihuwa jikin uwa ya fi yin magana: tsayinta, jikinta, da yadda ita kanta aka haife ta. Ta ce sau da yawa ƙaramar mace tana haifar jariri daidai ita, ko da mijin dogo ne. Na uba yana shiga, amma yawanci sai yaro ya fara girma ake ganinsa sosai. Ta ce ba doka ba ce, wani lokaci abin yakan saɓa, akwai ciwon sukari da wasu abubuwa da ke sa jariri ya yi girma, shi ya sa ake zuwa awo a duba, ba a zauna a gida ana duban takalmi ba.

"Yunwa kuma," in ji ta, "ba ya rage kan yaro yadda kake so. Ƙarfinka yake ragewa, da jininka, da lafiyan yaro. Ranar haihuwa da me za ka yi nishi?"

Sannan ta juya wurin maigidana. "Oga, kai da aka haife ka, yaya girmanka?"

Ya ce shi ina zai sani. Ni kuma na share hawaye na ce ai ni na sani, mahaifiyarsa ta faɗa mini da bakinta, kwana biyu tana naƙuda, kansa kamar tulu. Ya dube ni da mamaki ya ce shi bai taɓa jin wannan labari ba.

Bayan la'asar sai ga Dada da Adda da kular abinci, an ɗaura mini ƙarin ruwa ina kwance. Maigidana ya durƙusa gefen uwarsa ya yi mata magana ƙasa-ƙasa da Fulatanci. Na ga ta buɗe ido. Ta ba shi amsa gajeriya. Sai Adda ta ajiye kular, ta kama ƙarfen gado, ta fara dariya har tana share hawaye da gefen mayafi.

Dada ta matso kusa da ni. "Ni ban ce wannan ba," ta nuna maigidana da hannu. Sannan ta ɗaga haɓa wajen Adda, ba tare da ta dube ta ba. "Shi na ce."

Jama'a, Adda ce ƙaton. Adda siririya mai tsinkar zogale, ita ce mai kai kamar tulu. Ita ce 'yar fari, kuma Dada irin matan da ne, ba ta kama sunan 'yar fari, ba ta ma cika kallonta a gaban mutane ba. Shekara da shekaru "shi ɗin can" take ce mata, duk gidan sun san wa ake nufi. Ni kaɗai ce ban sani ba, ni malamar Hausa, mai gyara wa mutane magana.

Na ce cikin sanyin murya, "To shi fa, Dada?"

Ta haɗa tafukan hannunta biyu ta nuna mini. "Wannan? Kamar ƙadangare. Ina tankaɗe ya zo, kafin a kira ungozoma ya faɗo. Ba mu yi zaton zai kai ranar suna ba. Sai da ya shekara goma sha biyu ya fara tafiya sama, ya ƙi tsayawa."

Maigidana ya sunkuyar da kai yana shafa ƙullutun goshinsa. Sista tana bakin ƙofa, ta ce, "Ka ji ko?"

Ban haƙura ba, na ce to takalman fa, na ga ta dube su ta girgiza kai. Sai da Adda ta fassara mata sannan ta tuna. Ashe takalmin ɗanta take wa takaici, ya yar da su tsakiyar ƙofa inda mai ciki za ta yi tuntuɓe, halinsa ne tun yana yaro.

Kowa ya yi dariya ban da Dada. Ta zauna bakin gadon, ta kama hannuna ta juya shi, ta ga yadda zoben yake lilo. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Na ba ka labarin don ka ci abinci ka samu ƙarfi. Ni ban ci ba lokacin, shi ya sa na sha wuya. Na ce maka ka ci sosai. Wancan ka ji, wannan ba ka ji ba?"

Wannan maganar ta fi duk faɗan Sista shiga jikina, domin gaskiya ta faɗa. A zama ɗaya ta yi maganganun biyu, na ɗauki wadda ta dace da tsorona na bar ɗayar a kan tabarma.

Da aka sallame ni Dada ta tattaro kayanta ta dawo Demsawo, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta zaro maganin daga ƙarƙashin katifa da hannunta. Kullum sai ta zauna gabana da kwano, ba ta faɗa, ba ta lallashi, kallo kawai, har sai ta ga gindin kwanon. Kajin maƙwabciyata suka koma yadda Allah ya yi su. Motsi ya dawo, har ya zama ina roƙon a bar ni in huta.

Na haihu da hantsi, da kaina, ba tiyata. Mace ce. Aka ɗora ta a sikeli, kilo biyu da rabi da ɗan ɗoriya. 'Yar ƙarama, yatsunta dogaye. Da aka miƙo mini ita na tambayi Sista abin da ke raina, na ce ko yunwar da na yi ce ta rage ta. Ba ta yi mini ƙarya don in ji daɗi ba. Ta ce, "Ban sani ba. Wataƙila ya taɓa shi, wataƙila iyakar abin da jikinka zai ɗauka ke nan. Lafiyansa ƙalau. Ka ba shi nono."

Abin dariya, haihuwata ta biyu ce aka yi mini tiyatar da na yi ta gudu. Ba don girma ba, shi ma ɗan ƙarami ne, gicciyewa ya yi ya ƙi juyawa. Na shiga da ƙafata, na fito da ɗana, ga ni ina ba ku labari.

Don haka baiwar Allah da kika tambaye ni, amsata ke nan. Girman mijinki ba hukunci ba ne a kanki. Ki je awo, ki ci abinci, ki sha maganinki, in wata magana ta tsorata ki ki buɗe baki ki ce a maimaita miki. Kunyar tambaya ta minti ɗaya ce. Ni kuma tun daga lokacin na daina kwaikwayon Hausar kowa. Har Dada ta koma ga Allah tana ce mini "ka", ina amsawa da gudu.

Yarinyar yanzu shekararta goma sha uku. Tun bara ta wuce ni, ita ke ɗauko mini tukunya daga saman kantar kicin. In kuka zo gidanmu za ku ga takalma jere a bakin ƙofa: arba'in da shida, arba'in da ɗaya nata, sannan nawa a ƙarshe. Lafiyarta ƙalau, ko zazzaɓi ba ta cika yi ba. Amma "ban sani ba" ɗin nan ta Sista ba ta bar ni ba. Har yau in na zuba mata abinci ta cinye ta ce, "Mama, na ƙoshi," sai na ƙara mata cokali ɗaya. Ta sha yin ƙorafi, ta ce ƙaninta ba a yi masa haka.

Kwanaki ta tsare ni ta ce sai na faɗa mata dalili. Na zaunar da ita na ba ta labarin nan kamar yadda na ba ku. Ta yi dariyar ƙadangare, ta yi dariyar kajin, da na zo wurin da Sista take neman bugun zuciyarta kuma sai dariyar ta ɗauke. Da yamma na zuba mata tuwo, ta cinye, na tsaya da cokali a hannu ina jiran ƙorafin da ta saba. Kwanon kawai ta turo mini.